Muryar da Ke Ƙarƙashin Gurmin Cindo

An yi wani bawan Allah a wani gari da ba zan kama sunansa ba, a zamanin da kaset ke sarauta, tun waƙa ba ta koma cikin waya ba. Sunansa Sallau. Amma kafin in kai ku wurinsa sai mun bi ta ɗakin maƙwabcinsa, domin daga can maganar ta tashi. Ku gyara zama.

Maƙwabcin nan baduku ne, ana ce masa Jatau saboda hasken fatarsa. Sunansa na yanka Zubairu, amma ko liman ya manta da shi. Bango ɗaya ya raba ɗakin kwanansa da shagon Sallau. Wani dare yana kwance, barci ya fara fizgarsa, sai ya ji kiɗan gurmi can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Bai damu ba, ya san maƙwabcinsa da kaset yake wuni. Sai kuma a ƙarƙashin kiɗan ya ji tari, tarin tsohuwa. Sannan wata murya ta ce, “Yaron nan… ruwa.”

Aka datse. Shiru. Sai wani ƙiii kamar kukan ɓera, gurmi ya sake tashi daga inda ya faro, aka sake tarin, aka sake cewa, “Yaron nan… ruwa.” Aka sake datsewa.

Ku saurara. Duk duniya mutum ɗaya ce ke ce wa Jatau “yaron nan”, da gemunsa da furfurarsa: mahaifiyarsa, Inna Tasalla. Shi ne ɗanta na fari, kun kuwa san iyayenmu na da, kunya ba ta barinsu su kama sunan ɗan fari. Tun yana goye har ya aurar da ’ya’ya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ita kuwa Inna Tasalla ta rasu tun da kaka, da hannunsa ya sa ta a kabari.

Ya taɓa matarsa. “Ke, tashi. Kina ji?”

“Ina jin gurmi.”

“Ƙasa da gurmin.”

“Ƙasa da gurmin sauro nake ji. Malam, yi addu’a ka kwanta.”

Ya yi addu’a, amma bai kwanta ba.

To, wane ne Sallau? Baƙo ne a unguwar. Ya zo da kayansa cikin kwalaye ya kama hayar shago a jikin gidan su Jatau, nan yake aiki nan yake kwana. Shi ba mawaƙi ba, ba makaɗi ba, ba ma shi ke ɗaukar waƙa ba. Akwai mai ɗauka, akwai mai haɗa murya da kiɗa. In duk sun gama nasu sai a kawo wa Sallau ya yi gyaran ƙarshe, ya fitar da uwar kaset, wadda daga jikinta ake kwafar duk waɗanda za su shiga kasuwa. Aibin da ya bari a jikin uwar, da shi kowane kwafi zai fito.

Na daɗe ina mamakin wannan sana’a. Mutum ya wuni yana aiki, in ya gama ka tambaye shi me ya ƙara, ya ce maka bai ƙara komai ba. Kamar mai bugu ne a bakin marina: rini ya riga ya kama, ɗinki ya riga ya zauna, nasa kawai ya buga riga ta yi sheƙi. In ya rage bugu ta fito dusu-dusu, in ya cika bugu zare ya mutu. Haka Sallau yake da sauti. Inda tsinin kiɗa ke sukar kunne, ya dasashe shi kaɗan. Inda gindin ganga ya cika ɗaki har ya danne bakin mawaƙi, ya rage masa. Ya daidaita waƙoƙin kaset su zama tsara ɗaya, kada ta farko ta yi raɗa ta biyu ta firgita jariri. Har shirun da ke tsakanin waƙa da waƙa sai ya auna shi da numfashinsa, wai sai mai sauraro ya haɗiye ta farko kafin a miƙo masa ta biyu.

Kada wani ya ɗaga mini hannu yana tambayar hukuncin kiɗa. Malamai suna nan, ku je ku same su. Ni labarin mutum na zo ba ku.

Mutumin nan yana da wasu halaye. In zai ratsa kasuwa sai ya cusa auduga a kunne. In ya hango injin niƙa sai ya sake hanya. Yakan bi maƙwabta yana aron rikoda, komai tsufanta, ya kwana da ita ya dawo da ita da sabon batir. Yakan je tasha ya roƙi direba ya bar shi ya zauna a mota a tsaye, ya rufe ƙofa, ya sa kaset, ya lumshe ido. Wani lokaci ma ya kunna waƙa a shagonsa ya fito waje ya tsaya, ya juya wa ƙofa baya. In an tambaye shi ya ce, “Ai ba a ɗakina za a ji ta ba. A ɗakunanku za a ji ta.”

Duk wannan Jatau ya sha gani, bai taɓa ɗaukarsa komai ba. Amma daga daren nan sai kowane ɗaya ya zama hujja. Ku lura, mutumin bai sake ba. Idon mai kallonsa ne ya sake.

Da safe a teburin mai shayin unguwar, wanda ake kira Baƙo, Jatau ya yi ta juya kofinsa, sannan ya ce, “Baƙo, ina rikodarka?”

“Tana wurin maƙwabcinka. Jiya ya ara.”

“Ya ce me zai yi da ita?”

“Wai zai ji yadda waƙa ke fita a cikinta.”

“Mutum mai lasifika biyu kowace kamar akwatin amarya, shi ne zai ari wannan gwangwanin naka?”

“Kai Jatau, kama bakinka. Gwangwanin nan ya fi ka zuwa gidan biki.”

“Ba wasa nake ba. Wancan karon da ya dawo da ita, ka buɗe ka duba cikinta?”

Baƙo ya tsaya da zuba madara. “In duba me?”

“Ni dai ban ce komai ba.”

Kun ji ta ko? “Ni dai ban ce komai ba.” Jama’a, na ga gidajen da wannan kalmar ta rushe, alhali mai ita yana rantsuwa bai buɗe baki ba. Kafin azahar wata mata ta tuna cewa makon da aka dawo mata da rikodarta kazarta ta daina ƙwai. Wani direba ya tuna cewa tun ranar da Sallau ya zauna a motarsa take tashi da gardama. Wani ya ce audugar nan ba don ƙara ba ce, don kada ya ji kiran salla ne, alhali a sahun gaba suke ganinsa kullum. Kafin magariba Jatau ya faɗa wa mutum biyu, a asirce, abin da ya ji ta bango. Kafin isha unguwa ta san Sallau na tara muryoyin matattu.

Aikin da ke hannun Sallau a lokacin kuwa kaset ɗin Cindo ne. Cindo mai gurmi tsoho ne ɗan unguwar, an haife shi da yatsa shida a hannun hagu, wasu na cewa shi ya sa gurminsa ya fi na kowa baki. Gidansa na bayan gidan su Jatau, katanga ɗaya. Da ciwo ya kwantar da shi, Alhaji Barmo mai shagon kaset ya turo samari da rikoda suka ɗauke shi a tsakar gidansa, a gindin darbejiya. Ba a jima ba Cindo ya rasu. Abin da aka ɗauka ranar nan shi ke nan, babu sakewa.

Wata safiya Jatau na zaune a ƙofar gidansa yana ɗinkin fata, kunnensa na shagon maƙwabci, sai ga Alhaji Barmo a kan babur.

“Sallau, salla ta matso, mutane na tambayata Cindo. Ina kayana?”

“Saura kaɗan, Alhaji.”

“Sa mini in ji.”

Gurmi ya tashi. Ba a je ko’ina ba Alhaji ya ce, “Wannan ai raɗa ce! Je ka kasuwa ka ji na mutane, tun daga bakin tasha kaset ɗinsu ke marin kunne. Ɗaga shi. Ƙure allurar na’urar nan ta kwanta a ja.”

“Alhaji, ƙarfi daban, kyau daban. Cindo yakan sauke murya kamar zai yi maka sirri, sannan ya ɗaga. In na matse shi duka ya zama tsawo ɗaya, sirrin ya tafi, ɗagawar ma ta tafi. Mai son ƙara yana da abin murɗawa a rikodarsa.”

“Ni na ce ka ɗaga.”

“In na ɗaga na sama, Alhaji, abin da ke ƙasa ma zai taso.”

“Me ke ƙasa?”

Sallau ya ce, “Abin da ba a gayyace shi ba.”

Basilla ta soki yatsan Jatau, bai ma ji zafi ba.

Alhaji ya fito yana kaɗa babbar riga. “In Juma’a ta yi ba ka gama ba, birni zan kai shi. Akwai yara can da za su ƙure mini shi kafin in sha ruwa.” Sai ga Sallau ya biyo shi har bakin babur ba takalmi, mutumin da ba a taɓa jin ya roƙi kowa ba, yana cewa, “Don Allah Alhaji, kada ka sa shi a hannun kowa. Zan gama. Kada ka kai shi ko’ina.”

Jatau ya ce a ransa, to, me ya rage? Ya naɗe fatarsa ya nufi gidan mai unguwa.

Aka tara dattawa a zaure, aka kira Sallau, aka kira mai shagon da yake haya. Samari suka cika ƙofa. Jatau ya faɗi abin da ya ji, shi kuwa a ransa ba sharri yake yi ba, uwarsa yake son ya ƙwato.

Mai unguwa ya ce, “Malam Sallau, akwai muryar marigayiya a wurinka?”

Da ya ce babu, da an watse. Wa zai iya tona cikin kaset? Amma ya ce, “Akwai, ranka ya daɗe.”

Zaure ya ɗauki salati.

“Ta yaya ta zo hannunka?”

“Ranar da aka ɗauki Cindo ɗakinta na bayan katanga. Rikoda ba ta san katanga ba, ta kwaso har da ita.”

“To ai da sauƙi. A ɗauko kaset ɗin, ka sa mana, ka ɗaga kowa ya ji, magana ta ƙare.”

Sallau ya dubi Jatau, ya sunkuyar da kai. “Ba zan sa ba, ranka ya daɗe.”

“Don me?”

“Ba abina ba ne da zan raba wa jama’a.”

Jatau ya miƙe. “Kun ji ko? Rikoda ce ke tashi da dare tana maimaita uwata? Rikoda ce ke bin gidaje tana aron kayan mutane? In gaskiya gare shi ya sa mana!”

Mai unguwa mutum ne mai sanyi, ya lallashe shi, ya sake lallashinsa. Ya ce, “Bawan Allah, zamanka a unguwar nan fa ake magana. Taimaki kanka.” Sallau ya ce, “Allah ya ƙara maka lafiya, na gode. Ba zan sa ba.” Mai shago ya ce shi kam ba zai iya da wannan ba, in wata ya mutu a ba shi makullinsa. Aka tashi a kan haka.

Da yamma Sallau ya yi sallama a ƙofar Jatau. “Malam Jatau, ina son magana da kai, mu biyu.”

Jatau daga ciki ya ce, “Mu biyu? Don ka ɗauki tawa ita ma? Je ka, Allah ya isa tsakanina da kai.” Ya banko ƙofa. Washegari ya hango Sallau a kan kujera yana cusa tsumma a wata kafa da ke jikin azara, can saman bangon da ya raba su. Daga ranar bai ƙara jin muryar ba. Wannan ma bai sanyaya masa rai ba, ya ce ɓoye ta aka yi.

Ranar Alhamis bayan la’asar ya ga Sallau ya fito da kaset a naɗe cikin hankici ya nufi kasuwa, ya ja ƙofa bai danna kwaɗo ba. Jatau ya duba gabas ya duba yamma, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya shiga. Niyyarsa ya ɗauke kaset ɗin asali ya kai maƙabarta ya binne kusa da Inna, ko ta samu ta huta.

Ya zaci zai ga layu da ƙaho da jan ƙyalle. Abin da ya gani tabarma ce da buta da buzun salla, sai na’urori, sai tsofaffin barguna da aka rataye a bango don sauti kada ya yi tsalle. Kaset ɗin na cikin na’ura, abin ji na sawa a kunne na ajiye a kai. Ya miƙa hannu zai cire, sai zuciyarsa ta ce, ji ta sau ɗaya tukuna, ka ji me take son ta faɗa da ake datse ta kullum. Ya sa abin a kunne, ya danna.

Gurmi ya cika masa kai. Cindo na waƙar ruwan farko, yana faɗin ƙamshin ƙasa da yadda manomi ke fitowa ba riga. Na’urar kuwa a ɗage take, yadda mai aiki ya bar ta, komai na tsakar gidan ya taso: kaza, tsintsiya, iska a ganyen darbejiya. Sai tari. Sai, “Yaron nan… ruwa.”

Wannan karon ba wanda ya datse. Aka ji takun mutum. Aka ji moɗa ta daki ƙasa. Sannan muryar namiji, a fusace, ta ce, “Ruwa, ruwa, ruwa! Yanzu na ba ki kika zubar. Wai ke ba za ki tafi ba ne mu huta?”

Jama’a, ba wanda ke kasa gane muryar kansa.

Ya tuna ranar. Inna ta daɗe a kwance, shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta a baki, masu kawo ɗinki duk sun koma wani wuri, barci ya zama sai an sata. Ranar nan guda bakinsa ya kuɓuce. Bai faɗa wa kowa ba, har kansa ya ɓoye wa. Da ta rasu masu gaisuwa suka yi ta cewa ba a taɓa ganin ɗa mai jiyya kamar Jatau ba, iyaye na nuna shi ga ’ya’yansu. Yanzu ga ta nan a kaset ɗin da za a kwafa a kai kowace kasuwa, kowace mota, kowane gidan biki, cikin muryar da duk garin ya sani.

Ya fizge abin daga kunnensa. Sallau na tsaye a bakin ƙofa.

“Sannu, Malam Jatau.”

Jatau ya ce, “Tun yaushe ka ji?”

“Tun ranar da aka kawo shi. A rikodar gida ba ya fita, gurmi ya rufe shi. Sai an ɗaga.”

“Shi ya sa ka hana Alhaji…”

“Yankewa ba ta yiwuwa, tsakiyar baiti ne, Cindo kuma ba zai dawo ya sake ba. Sai na nemi inda muryarka ke zaune a cikin sautin, in rage mata kaɗan, in na ji gurmi ya fara ramewa in ja da baya. Sannan in gwada a rikodar Baƙo, in gwada a mota, in gwada a ta matan gida, ko akwai wadda za ta tona. Ba ko ɗaya. Yanzu na kai wa Alhaji. Ya karɓa don salla ta ƙure masa, ya ce aikina na ƙarshe ke nan a wurinsa.” Ya zauna a bakin tabarma. “Ta Inna kuwa da ka riƙa ji, laifina ne. Da dare nake aiki don gari ya yi shiru. In an kusa isowa kan muryarka sai in tsayar in koma na kunne. Ban san da kafar nan ta azara ba. Na hana ka barci, na tayar maka da rashi. Ka yafe mini.”

Kun ji? An kore shi daga shago, an ce masa matsafi, an yi masa Allah ya isa, kuma shi ne ke neman gafara.

Jatau ya ce, “Ka tsaya a gaban mai unguwa ana cin mutuncinka. Abu ɗaya za ka danna, da ka wanku.”

“Da na danna, ni in zauna a shagona, kai kuma ka zauna ina?”

Jatau ya rufe fuska da hannu biyu.

Sallau ya ce, “Amma ka cire da wuri. Abin da na zo gaya maka ke nan ka rufe mini ƙofa. Mayar da shi.”

“Ba zan iya ba.”

“Mayar. Wannan naka ne, ba na kowa ba.”

Ya mayar, Sallau ya ja kaset ɗin baya kaɗan ya danna. Ya ji takunsa yana fita daga ɗakin, ya ji ƙofa. Sai aka iso wurin nan da Cindo ke sauke murya, gurmi ya yi laushi kamar zai ɗauke. A cikin wannan ɗan sararin, can ƙasa, tsohuwa ta yi numfashi ta ce, “Ya Allah, Zubairu ya gaji ne. Kada ka rubuta masa wannan. Zubairu ya yi mini komai.”

Zubairu. Sunan da ta riƙe a baki tun ranar suna, ba ta taɓa bari ya ji ba. Da ta zaci ba mai ji sai Allah, sai ta faɗe shi, har sau biyu.

Ba zan ba ku labarin kukan da ya yi ba. Da ya lafa ya ce yanzu-yanzu zai je ya tara unguwa ya faɗi komai. Sallau ya riƙe masa riga. “A’a. Allah ya rufa, ita ta yafe, ni na hana idona barci ina taya rufewa, kai kuma ka je ka yaye? Ka ce dai ka janye. Ya isa.”

Ya je ya janye. Ya tsaya a zauren mai unguwa ya ce zato ya yi, mutumin nan ba shi da laifi ko kaɗan. Mai unguwa ya karɓa. Amma unguwa ba ta karɓa ba. Aka tambaye shi me ya gani, ya ce ba zai faɗa ba. Sai suka dubi juna suka ce, “Shi ke nan, ya shanye Jatau shi ma.” Mai shago kuwa ya riga ya yi wa wani mai injin niƙa alkawari. Da wata ya mutu Sallau ya kai wa matar Cindo kaset ɗin asali, ta kulle shi a akwati tare da gurmin mijinta, ya mayar da kayansa cikin kwalaye. Jatau ne ya ɗauki lasifikar a ka har tasha, mutane na leƙe ta katanga. Da mota za ta tashi Sallau ya leƙo ya ce, “Ka riƙa kai mata ziyara.” Ba a ƙara ganinsa a garin ba.

Kaset ɗin Cindo ya fito da salla. A kasuwa kaset ɗin mutane sun danne shi, Alhaji ya yi ta mita. A gidaje kuwa akan sa shi daga farko har ƙarshe, a juya, kunne bai gaji ba. Ba wanda ya taɓa jin komai a ciki sai gurmi da Cindo. Jatau bai buɗe maganar ba sai da ya ga ajalinsa ya matso, ya faɗa wa mutum ɗaya don a wanke Sallau, shi kuma ya faɗa mini. Sunayen da kuka ji ma aro na yi.

To jama’a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Kowane ɗayanmu yana da wata magana da ya faɗa a bayan katanga, wadda in aka ɗaga ta gari ya ji, ba zai iya fitowa masallaci ba. Ni ina da ita, kai kana da ita, ke ma da ke bayan labule kina da ita. Allah ne ya bar ta a ƙasa. Malamai sun gaya mana wanda ya rufa wa ɗan’uwansa asiri Allah zai rufa masa nasa, Sallau kuwa ya rufa har ya rasa wurin kwanansa. Kai fa, da aibin maƙwabcinka ya faɗo hannunka, ragewa ka yi ko ƙurewa? Yanzu ma kowa na da na’ura a aljihu, ɗauka da turawa ba su fi ƙiftawar ido ba.

Sannan ku ji tsoron zato. Jatau ya sake shi da kalma guda a teburin shayi, ya bi shi da rantsuwa da hawaye bai kamo shi ba. Mutumin nan da kuke cewa halinsa wani iri ne, ba ya magana, yana ɓoye wani abu, mai yiwuwa naku yake ɓoyewa. Kuma ku daina zaton abin da ya fi ƙara shi ya fi kyau, a waƙa ne, a aiki ne, ko a mutum. Da an ƙure kaset ɗin nan, mummunar kalmar Jatau ce za ta zaga gari, ita kowa zai riƙe. Addu’ar uwarsa kuwa sai mai haƙurin saurare har ƙarshe.

Ni abin da ke hana ni barci a labarin nan shi ne, su biyun suna nan kwance a cikin kowane kwafi, kalmar da addu’ar, a motoci, a shaguna, a ɗakunan amare, ana ta juya su ba a sani ba.

Baƙo ma ya sayi nasa. Yakan sa shi da hantsi a gwangwanin nan nasa, injin niƙa na ruri daga tsohon shagon Sallau. Duk sanda aka iso waƙar ruwan farko, wurin da Cindo ke sauke murya, sai Jatau ya ajiye kofi ya matso da kunnensa jikin rikoda, hawaye na bin gemunsa. Wata rana Baƙo ya gaji da gani, ya ajiye buta a gaban jama’a ya tambaye shi.

“Wai Jatau, waƙar damina ce fa, ba mutuwa a ciki, ba rabuwa. Mu duk gurmi muke ji. Kai me kake ji?”